Yadda Za Ka Ɗauko Labarin Assassin's Creed Daga Gem Ka Zuba Shi a Shafin Zane

Ba da wuri na fara buga Assassin's Creed na farko ba, ko da yake tun 2007 kamfanin Ubisoft ya fitar da shi. Da na fara kuwa, hawan hasumiya ne ya kama zuciyata fiye da duk wani faɗan takobi. Ka riƙe hannun gem, ka bi da Altaïr, jarumin gem ɗin, dutse bayan dutse har ƙololuwa, gaggafa ta yi kuka ta tashi daga kan katako, birnin Dimashƙa ya baje a ƙarƙashinka, sannan ka saki jiki ka faɗo cikin tarin busasshiyar ciyawa. Ranar da na ɗauki fensir na ce sai na zuba wannan hawan a takarda, shafi biyu na cika da akwati goma sha huɗu. Hannu a kan dutse, ƙafa a kan dutse, hannu a bakin taga, ƙafa a bakin taga. Kwana huɗu na yi a kansu. Na miƙa wa ƙanina, ya duba, ya juya takardar ko akwai ci gaba a baya, ya ɗago ya ce, "Yaya, ai hawa kawai yake yi. Me ya faru?"

Tambayar nan ce ta koya mini aikin. Daɗin hawa a gem yana hannunka ne: kai ke zaɓar inda za a kama, kai za ka faɗo idan ka kuskure. Mai karatu kuwa takarda kawai yake riƙe da ita. Duk abin da ya yi maka daɗi don kai kake yin sa da yatsunka, idan ka kwafe shi a shafi mutuwa zai yi. Abin da ke rayuwa a shafi shi ne wanda gem ɗin ya wuce ta gefensa bai tsaya ba, kamar mutumin da aka bari a ɗaki, ko ranar da tarihi ya yi shiru a kanta.

Ka fara da karanta waɗanda suka riga ka

Kafin ka ja layi ko ɗaya, nemi littafin zane na Assassin's Creed mai suna The Fall, wanda Cameron Stewart da Karl Kerschl suka rubuta suka kuma zana, ya fito kashi uku tsakanin 2010 da 2011. A lokacin duniya na ta yayin Ezio, jarumin gem na biyu, da biranen Italiya, amma mutanen nan biyu ba su taɓa Ezio ba. Rasha suka nufa, suka ƙirƙiro wani Nikolai Orelov, suka ɗora shi a kan jirgin ƙasan Sarki Alexander na III. Wannan jirgi da gaske ya kauce daga layinsa kusa da Borki a watan Oktoba na 1888, mutane fiye da ashirin suka mutu, aka kuma yi ta ba da labarin cewa sarkin ya tallafe rufin taragon cin abinci da kafaɗunsa har iyalinsa suka fita. Masu binciken gwamnati ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba, wasu suka ce gudu ne ya yi yawa, wasu suka ce layin ne ya lalace, jama'a kuma na raɗe-raɗin maƙarƙashiya. A cikin wannan saɓanin marubutan suka saka mutuminsu. Daga nan suka kai shi Tunguska a Saibiriya, inda wani abu ya fashe a sararin sama ranar 30 ga Yuni 1908 ya kwantar da dajin da ya wuce murabba'in kilomita 2,000, kuma masu binciken kimiyya ba su isa wurin ba sai 1927. Shekara goma sha tara babu masanin kimiyyar da ya je ya duba. Marubucin labari ba ya neman fili da ya fi wannan.

Dabarar ta yi aiki har ta juyo da ruwa baya: Daniel Cross, tattaɓa kunnen Orelov a littafin, ya shiga gem na Assassin's Creed III a 2012, shi kansa Orelov kuma aka yi masa nasa gem ɗin a 2016. Haka aka yi da Arbaaz Mir na littafin Brahman na 2013, wanda aka gina a kan lu'ulu'un Koh-i-Noor da shekarar 1839 da Maharaja Ranjit Singh ya mutu.

Sauran ka bi su da sauri, don ka ga yadda kowace ƙasa ke shimfiɗa shafi. Na Faransa, da Eric Corbeyran ya rubuta Djillali Defali ya zana, littafi shida ne daga 2009 zuwa 2014, shafukansu manya ne cike da akwatuna. Na farkonsu ya bi sawun Desmond, mutumin zamani na cikin gem, sau da ƙafa, kuma shi ne ya fi kasa riƙe ni, sai da suka koma kan Aquilus a daular Rum ta ƙarni na 3 na gyara zama. Kamfanin Titan ya fara nasa a 2015 da Charlotte de la Cruz da shari'ar mayu ta Salem ta 1692, inda aka rataye mutum goma sha tara. Akwai na Japan masu baƙi da fari da ake karantawa daga dama zuwa hagu, akwai kuma Dynasty na ƙasar Sin a kan tawayen An Lushan na shekarar 755.

Abu ɗaya ne zan ce kada ka koya. A jerin littattafan zane na Uprising, wanda ya ƙare a 2018, aka kashe Juno, babbar maƙiyiyar da ke labarin gem, wadda gem bayan gem aka yi shekaru ana gina barazanarta. Wanda gem kaɗai yake bugawa bai ga ƙarshenta ba. A ganina wannan rashin adalci ne ga ɓangarorin biyu. Littafin zane ɗakinsa daban, kada ka kwaso kayan babban ɗaki ka kulle a cikinsa.

Nemo giɓi biyu

Labarinka yana buƙatar giɓi a cikin gem da giɓi a cikin tarihi, kuma idan suka haɗu wuri ɗaya, ka samu abin yi. Ɗauki littafin rubutu ka sake buga gem ɗin, amma wannan karon idonka ya bar kan jarumin. Rubuta sunan duk wanda aka yi magana da shi sau biyu ko uku aka wuce, da duk wurin da aka ce "bayan shekara kaza".

Ni Malik Al-Sayf na samu. A farkon gem na farko, cikin shekarar 1191, girman kan Altaïr ya sa ya karya dokoki uku na ƙungiyarsu ta Assassin, masu kisan ɓoye, a fita ɗaya: ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ya tona kansa a gaban abokan gaba, ya jefa 'yan'uwansa cikin haɗari. Sakamakon haka Malik ya rasa ƙaninsa Kadar, ya rasa hannunsa na hagu. Daga baya aka ajiye shi a matsayin mai kula da maɓoyar ƙungiyar a Ƙudus, kuma dole duk lokacin da Altaïr zai yi aiki a birnin, wurin Malik zai zo neman izini. Malik zai miƙa masa gashin tsuntsu, shi kuma ya dawo da shi jiƙe da jinin wanda aka tura shi a kansa. A gem, kana karɓar gashin nan sai ka haura rufi ka yi gaba. Kyamara ta bi ka. Malik fa? Mutum ne mai hannu ɗaya, tsaye bayan teburi, yana jiran dawowar wanda ya jawo mutuwar ƙaninsa, kuma aikinsa ya tilasta masa fatan mutumin ya yi nasara. Ban san wani faɗan takobi da ya kai wannan zafi ba.

Idan ka samu naka, gwada shi da jimla ɗaya: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. Nawa shi ne: Malik yana so Altaïr ya mutu a wannan aikin, amma rantsuwarsa ta hana shi ɓoye masa ko da labari ɗaya da zai cece shi. Idan jimlarka ta kasa tsayuwa sai an ambaci abubuwa biyar daga gem, labarin bai nuna ba tukuna. Sannan ka yanke girmansa tun yanzu. Fitowa ɗaya ta irin na Amurka shafi ashirin ne da 'yan kai, kundin Faransa kuwa yana haura arba'in. Kai ka fara da takwas ko goma sha biyu. Na goma sha biyu da ka gama ya fi na ɗari da ya tsaya a shafi na bakwai amfani a gare ka, domin sai ka kai ƙarshe kake gane inda ka yi kuskure a farko.

Gem ba malamin tarihi ba ne

A nan na fi daɗewa, kuma a nan nake so ka daɗe. Masu gem suna yin bincike sosai, amma suna lanƙwasa tarihi duk inda wasa ya buƙata, kuma ba su ɓoye hakan ba. Robert de Sablé, shugaban mayaƙan Templar na 'yan Salibiyya, a gem ya mutu a 1191, alhali a tarihi sai 1193. A gem ɗin Unity, majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris tana ɗauke da doguwar hasumiyar tsakiya da Viollet-le-Duc ya gina a tsakiyar ƙarni na 19, shekaru da dama bayan juyin juya halin da ake ba da labarinsa, don dai mai wasa ya gane ginin da ya saba gani. Su suna da dalilinsu. Kai idan ka kwafa daga allo ba tare da ka duba ba, ka gaji kuskuren ba tare da dalilin ba.

Sai ka raba takarda gida uku: abin da tarihi ya tabbatar, abin da gem ya ƙirƙira, abin da kai za ka ƙirƙira. A tawa takardar, gida na farko ya ƙunshi cewa Salahuddin ya karɓi Ƙudus a 1187, saboda haka a 1191 birnin na hannunsa. Cewa birnin Akka ya faɗa hannun 'yan Salibiyya a watan Yuli na 1191 bayan ƙawanya ta kusan shekara biyu. Cewa rundunar Salahuddin da ta 'yan Salibiyya sun gwabza a Arsuf ranar 7 ga Satumba. Na kuma rubuta cewa mutanen Masyaf na gaskiya, wato sansanin da gem ya mayar cibiyar ƙungiyar, Isma'ilawa ne Nizariyya, shugabansu a Sham Rashiduddin Sinan, kuma Salahuddin ya taɓa yi wa sansaninsu ƙawanya a 1176. Sunan "hashashin" maƙiyansu ne suka laƙaba musu, daga shi kuma kalmar Assassin ta fito. Ƙungiyar da ke gem, da aƙidarta da yaƙinta na dubban shekaru da Templar, wannan duk gida na biyu ne. Muddin ba ka raba su a takarda ba, za su cakuɗe a kanka, kuma za ka ɗora wa mutanen da suka rayu da gaske maganar da ba su taɓa yi ba. Wannan ya fi nauyi idan labarin ya ratsa wurare masu tsarki. Ni na yanke shawarar ba zan zana zubar da jini a harabar masallaci ko majami'a ba, kuma labarin bai rasa komai ba.

Hotunan yau ma suna yaudara. Na ɓata yini guda ina zana ganuwar Ƙudus daga hotunan intanet, da ƙofofinta da haƙoranta, sai daga baya na karanta cewa Sulaiman, sarkin daular Usmaniyya ta Turkawa, ne ya gina wannan ganuwar wajen 1537 zuwa 1541, kusan shekara ɗari uku da hamsin bayan zamanin Malik. Shuɗin tayil ɗin da ke jikin Ƙubbatus Sakhra shi ma a zamanin Sulaiman aka fara sa shi. Ban yar da shafin ba, na mayar da ganuwar can nesa cikin ƙura, na bar siffarta kawai. Idan abu ya shige maka duhu, nisanta shi ko ka rufe shi da inuwa, abin da ka tabbatar kuma ka kawo shi gaban ido.

Kasuwa ce tarko mafi girma, don hannu na zana abin da ya saba gani. A kasuwar 1191 babu tumatir, babu masara, babu barkono, babu dankali, duk waɗannan daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492. Babu taba, babu mai shan gahawa, wadda shanta bai bayyana ba sai ƙarni na 15 a Yaman. Zuba dabino, ɓaure, rumman, inabi, zaitun, alkama, tulunan mai, sirdi da linzami. Mayaƙin Turai na wannan zamanin sulke yake sawa, wato rigar zobban ƙarfe, da riga mai alama a kai. Cikakkiyar rigar farantan ƙarfe mai ƙyalli da aka saba gani a zane sai ƙarni na 14 zuwa na 15 ta zo. Don jin yadda biranen suke, nemi abin da waɗanda suka gani da idonsu suka rubuta. Matafiyi Ibn Jubair ya ratsa Dimashƙa da Akka a 1184, Baha'uddin ibn Shaddad kuma alƙalin rundunar Salahuddin ne, yana tare da shi a fagen Akka. Layi ɗaya daga irin waɗannan mutane kan ba ka abin da awa goma na gem ba za su ba ka ba.

Shimfiɗa shafi

Kada ka fara da babban zane. Ɗauki farar takarda A4 guda uku, ka ninke su biyu, ka samu ɗan littafi mai shafi goma sha biyu. A cikinsa za ka yi zanen gaggawa, mutane kamar tsinke, akwatuna da wuraren magana kawai. Manufar ita ce ka riƙa juya shafi da hannunka kamar yadda mai karatu zai yi. Za ka lura cewa idan an buɗe littafi shafi biyu ake gani lokaci guda, kuma ido ya riga ya leƙa na dama kafin ya gama na hagu. Saboda haka duk abin da kake so ya girgiza mai karatu, ajiye shi a shafin hagu, wato 2, 4, 6, inda sai an juya za a gan shi, tambayar da za ta sa a juya kuma ta zauna a akwatin ƙarshe na shafin dama.

Ga yadda na yi da nawa. Maɓoyar Ƙudus ta rufi ake shigarta, akwai ɗan tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa da matasai, sannan ɗakin teburin. Shafi na 1 da na 2 babu magana ko ɗaya. Malik yana ƙoƙarin ja layi a kan taswira, takardar na naɗewa, ya danne gefe ɗaya da kwalbar tawada, ɗaya gefen da wuƙa, ya kai kafaɗarsa ta hagu kamar zai riƙe, sai hannun rigar da aka naɗe ya yi lilo a banza. A akwatin ƙarshe na shafi na 3, hasken rana da ke shigowa ta rufi ya faɗo a kan taswirar, cikin hasken kuma ga inuwar kai mai hula. Alƙalamin Malik ya tsaya, tawada ta ɗiga. Sai ka juya, shafi na 4 gaba ɗaya Altaïr ne tsaye a bakin ƙofa.

Girman akwati shi ne agogonka. Ƙananan akwatuna a jere suna sa ido gudu, babba ɗaya yana tsayar da numfashi. Hawan hasumiyar nan da ya ci mini akwati goma sha huɗu, da na sake shi uku ya zama. Na farko ƙarami, yatsu a bakin dutse. Na biyu dogo siriri daga saman shafi har ƙasa, hasumiya a gefe, mutum ɗan mitsitsi a cikin iska hannuwa a buɗe, rufin gidaje can ƙasa. Na uku ƙarami kuma, ba kowa a cikinsa sai 'yan tsinkayen ciyawa suna saukowa a hankali. Wannan karon ƙanina bai tambayi abin da ya faru ba, sai da ya ɗan ɗage kafaɗa da idonsa ya kai ƙasan dogon akwatin.

Farin filin da ke tsakanin akwati da akwati shi ne makaminka mafi kaifi, kuma ɓoyayyiyar wuƙar da Altaïr ke ɗaurewa a cikin hannun rigarsa kamar don shi aka ƙirƙire ta. A akwati na farko, mai farar riga yana kutsawa cikin jama'a, ya ɗora hannun hagu a kafaɗar wani attajiri kamar mai neman hanya. A na biyu, bayansa kawai ake gani yana nisa, attajirin kuma ya zauna a kan benci kamar wanda gajiya ta kama, ɗan ja ya fara bayyana a wuyan rigarsa, mutane na wucewa. Ba ka zana sukar ba. Mai karatu ne ya yi ta a cikin kansa, kuma a nan ne ka mayar masa da abin da ya rasa lokacin da ya ajiye hannun gem.

Hotunan allo suna da amfani wajen tufafi da gine-gine, musamman daga gem ɗin Origins na 2017 zuwa gaba, da aka sa hanyar tsayar da wasa a ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Sai dai kada ka ɗora takarda a kansu ka bi layi. Kyamarar gem kullum a bayan jarumi take, don mai wasa ya ga gabansa. Idan ka biye mata, za ka cika littafi da ƙeya da gadon baya. Zagayo gaba, sauko ƙasa, matso kusa.

Da ka zagayo gaba kuma sai ka haɗu da matsalar hula. Ta rufe ido da gira, waɗanda da su mai zane ke nuna fushi da tsoro. Abin da ya rage maka shi ne baki, haɓa, kafaɗa da hannu. Altaïr yana da tabo a leɓe, kuma ba shi da yatsan zobe na hannun hagu, wanda aka yanke don wuƙar ta samu hanyar fita. Ni sai da na gama shafa tawada a shafi uku na ga na ba shi yatsu biyar cif. Tun daga ranar nake manna takardar kamanni a bango gaban teburina: kowane mutum ta gaba, ta gefe, ta baya, da jerin abubuwan da ba sa canzawa, kamar jan ɗamarar Altaïr da baƙar rigar da Malik ke ɗorawa a kan fara. Ka kuma kiyaye ɓangare. Idan Malik na hagu Altaïr na dama a akwatin farko na hira, su zauna haka har ta ƙare, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka wani ya zagaya teburin.

Batun Animus, na'urar da mutumin zamani ke shiga ya ga rayuwar kakanninsa, shawarata ita ce ka bar ta a gajeren labari. Tana cin shafi biyu ko uku, kuma da wuya ta biya kuɗinta. The Fall ya ci nasara da ɓangaren zamani ne saboda Daniel Cross mutum ne da tunanin kakansa ke afka masa ba shiri har yana neman haukata shi, ciwon labarin ke nan. Idan naka mutumin zamanin kwanciya kawai yake yi a kan na'ura, cire shi. In kuwa dole ne, raba zamanin biyu da launi, mai sanyi ga yau, mai ɗumi ga da, yadda ba sai ka rubuta shekara a kowane shafi ba.

Magana

Wurin magana shi ake fara warewa kafin zane, ba a cusa shi daga baya. Wanda zai fara magana ka tsayar da shi a hagu, ko ka ɗaga maganarsa sama, don ido daga hagu yake farawa. Ni ba na wuce kalma ashirin a kumfa ɗaya, kuma abin da zane ya riga ya nuna ba na maimaita shi da baki. Gem yana da dogayen jawabai, musamman na waɗanda aka soka suna gab da mutuwa, don a can murya ce ke ɗauke da su. A takarda layi biyu sun isa. Hirar shafi na 4 da na fara rubutawa ta kai jimla goma sha ɗaya. Da na gama tacewa, Altaïr ya yi sallama, Malik bai amsa ba, ya tura gashin tsuntsun da bakin alƙalami zuwa ƙarshen teburi don kada hannunsu ya haɗu, ya ce, "Ƙofar arewa akwai maharba. Na faɗa maka." Ka karanta kowace magana da ƙarfi, wadda ta sarƙe a harshe ka sake ta. Idan da kwamfuta za ka rubuta, gwada ƙ da ɗ da ɓ tun farko, domin yawancin haruffan da aka tsara don littattafan zane ba su da su. Ni da hannu nake rubutawa a kan layukan fensir, sannan in ɗauki shafin in gyara shi a manhajar zane ta Krita, wadda kyauta ce.

Ka tuna kuma sunan, da tambarin, da Altaïr da Malik, duk mallakar Ubisoft ne. Waɗanda na ambata a sama da izini suka yi nasu. Naka na koyo ne da nuna wa masoya: ka rubuta a jiki cewa aikin masoyi ne, kada ka sayar. Ranar da ka so abin sayarwa, ka riƙe zamanin da binciken, tunda shekarar 1191 ba ta kowa ba ce, ka ƙirƙiro mutanenka da sunayensu da tufafinsu.

Shafi na 5 zuwa na 11 na labarina duk a ɗakin nan suke. Hasken rufi yana tafiya a kan taswira daga wannan gefe zuwa wancan, da shi ake gane wucewar yini. Can sai hayaniyar masu gadi ta tashi a waje, Malik ya kai hannu ga takobin da ke jingine, ya tsaya, ya koma ya ja labulen da zai ɓoye duk wanda ya faɗo ta rufi. Shafi na 12 akwati biyu ne. A na sama, gashin tsuntsu ja a kan teburi, a daidai inda aka ture shi da safe. A na ƙasa, hannun Malik ya ɗauke shi, da yatsunsa wannan karon. Na sake zana hannun sau shida, kuma na bakwai na nan da fensir a kan teburina, ban sa masa tawada ba tukuna.